Baba yana zura allura, amma yana tuntuɓe da buta

Assalamu alaikum Likita. Ni ce babbar 'ya a gidanmu, ina aure a Tudun Wada. Mahaifinmu yana cikin birni, ɗinkin hannu na manyan riguna ne sana'arsa tun kafin a haife ni, shekararsa 64. Shekara uku ke nan da aka ce yana da hawan jinin ido. Ranar farko an auna aka samu 32 a dama, 29 a hagu. Aka ɗora shi kan maganin ɗigawa iri biyu, yanzu awon yana tsayawa 17 ko 18. Amma ganin sai ƙara tsukewa yake yi. Har gobe yana zura zare a allura, amma in aka ajiye buta a gefensa sai ya yi fatali da ita, kwanakin baya ma saura ƙiris ɗan acaɓa ya kaɗe shi a Ƙofar Doka. Likita ya ce a yi wa idon dama aiki, Baba ya ce shi ba mai yanka masa ido. Ƙanena da ke karatu a Samaru ya karanto a intanet cewa wasu ƙwayoyin halitta da ake kira giliya su ne ke kashe jijiyar, ba hauhawar awon ba. Akwai wata mata a unguwarmu mai sayar da kafso na gyaran jijiya, naira 85,000 na wata ɗaya. Ƙanen nawa ya ce a bar ɗigon a koma kafson tunda ɗigon bai hana komai ba. Ni ce mai biyan kuɗin magani, kuma kaina ya kulle. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Kada a bar ɗigon nan, ko na kwana ɗaya. Na fara da wannan ne don ko wayarki ta mutu kafin ki kai ƙarshen amsar, ya zamana kin riga kin ji shi. Kafson kuma ki riƙe kuɗinki. Amma ba zan ce ƙanen naki shirme ya kwaso ba, domin abin da ya karanta ilimi ne na gaske, manyan masu bincike suna kansa yanzu haka. Ya dai ɗauko zaren daidai, wurin ƙullin ne ya kuskure.

Sunan cutar ma da kansa yana ruɗar mutane. Babu ruwan jini a wannan awon. A gaban ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, wanda ido ke samarwa dare da rana, yana fita ta wata 'yar rariya a kusurwar da farin ido ya haɗu da baƙi. Kin san yadda tsakar gida ke yi a watan Agusta idan leda ta toshe rariya: sama ba ta fasa zubowa ba, hanyar fita ce ta ƙuntata. Haka ruwan ke taruwa ya matse ƙwayar idon daga ciki. Yawancin masu lafiya awonsu yana tsakanin 10 da 21. Na Baba da ya kai 32, Allah kaɗai ya san shekara nawa ya yi a haka kafin a gano, tunda abin ba ya ciwo.

Matsin nan a bayan ido yake ɓarna. Baba zai fi kowa gane wannan misalin: jijiyar gani damin zare ce, sili kusan miliyan 1.2 a kowane ido, kowane sili yana ɗauke da saƙon wani ɗan yanki na abin da ake kallo zuwa ƙwaƙwalwa. Duk silin nan ta ƙofa ɗaya suke fita, ta cikin wani faifai mai huji-huji kamar gwagwa. Nan ne wuri mafi rauni a bangon ido. Silin da suka fara tsinkewa galibi su ne masu kawo ganin gefe, na tsakiya su ne ke jurewa har ƙarshe. Shi ya sa yake ganin kafar allura amma ba ya ganin buta. Mutanen gida su ce ai idonsa garau, alhali kamar mai leƙe ta cikin kara yake.

To ina giliya ta shigo? Kalmar daga harshen Girkanci take, ma'anarta danƙo. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya raɗa musu sunan a tsakiyar ƙarni na 19, don a zatonsa aikinsu kawai su manne jijiyoyi wuri ɗaya. An daɗe ana musu kallon 'yan rakiya. Daga baya aka gane cewa su ne masu hidimar gidan, jijiya ba ta iya rayuwa in ba su.

Akwai masu siffar tauraro, astirosayit, su ne suka fi yawa a bakin gwagwar nan. Suna rungume da silin, hannu ɗaya a kan jijiyar gani, ɗayan a kan hanyar jini, suna miƙa abinci. Akwai ƙwayoyin Müller, sunan mutumin da ya fara bayyana su a 1851, su kuma suna tsaye kamar ginshiƙi daga ƙasan tantanin gani, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, har samansa, suna share abin da jijiyoyi suka zubar bayan sun aika saƙo, musamman wani sinadari gulutamet wanda in ya taru yake zama guba. Sai ƙananan cikinsu, maikurogiliya, 'yan sintirin unguwa. Kullum suna zagaye, in sun ga gawar ƙwayar halitta ko baƙon abu su kwashe.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne halinsu a farkon ciwon. Idan matsi ya taso, ba ɓarna suke fara yi ba, agaji suke kawowa. Masu bincike a jami'ar Vanderbilt da ke Amurka sun nuna a 2020, a jikin ɓeraye, cewa idan aka matsa wa ido ɗaya, masu tauraron ɗaya jijiyar mai lafiya sukan tura wa jijiyar idon da aka matsa abinci daga nasu rumbun. Zumunci sosai. Sai dai agajin da aka shirya don kwana biyu, in aka shekara goma ana yinsa, hali yakan canza. Ki ɗauki ɗan sintirin da aka hana barci shekara da shekaru, kullum ana busa masa usur. Wata rana mai gida zai dawo daga masallaci ya sha gora. Haka maikurogiliya ke yi: su shiga fitar da sinadaran kumburi, su riƙa shafa wa mahaɗar jijiyoyin da ke da sauran rai alamar a kwashe. Ɗakin binciken marigayi Ben Barres a jami'ar Stanford ya nuna wannan shafa alamar a 2007, sannan a 2017 suka nuna cewa maikurogiliya da suka fusata suna iya juya masu tauraron su koma masu kashe jijiyar da suke reno. Su kuma masu tauraron suna sake ginin gwagwar, tana lotsawa baya, har bakin jijiyar ya rafke kamar ƙoƙo. Wannan ƙoƙon ne likita ke leƙawa idan ya haska fitila cikin idon Baba.

Ki tambayi ƙanen naki, cikin raha: wa ke busa usur ɗin? Matsin ne. Akwai wasu abubuwan da ke taimakawa, shekaru, gado, ƙarancin jinin da ke isa jijiyar, amma a idon da aka tarar da 32, babban mai tayar da giliya shi ne wannan matsin. Ke nan wanda ya yarda da labarin giliya, shi ya kamata ya fi kowa tsayawa kan ɗigon. A bar ɗigo don a lallashi giliya, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Kuma har yau ɗin nan babu wani magani da aka tabbatar, aka amince da shi a ko'ina a duniya, wanda ke gyara halin giliya a idon mai wannan cuta. An gwada, ba a zauna ba. Wani magani mai suna memantin, da ake ba masu ciwon mantuwa, an sa ran zai kare jijiyar daga gubar gulutamet. Aka gwada shi a mutum fiye da 2,000 na tsawon shekaru, aka kashe maƙudan kuɗi, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna bai hana ganin raguwa ba. Wani magani kuma, minosaikilin, ya kwantar da 'yan sintirin a ɓeraye, amma ɓera ba mutum ba ne. Wanda ake yawan magana a kai yanzu shi ne nikotinamaid, wani nau'in bitamin B3, wanda ya kare jijiyar ɓeraye a wani bincike na 2017, ana kuma kan gwada shi a mutane. Adadin da ake gwadawa mai yawa ne ƙwarai, yana iya taɓa hanta, don haka ba abin da za a saya a kemis a ɗura wa dattijo ba ne. Akwai ma wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa, wanda in tantanin ganinsa ya lalace ƙwayoyin Müller ɗinsa ke rikiɗa su zama sababbin jijiyoyi. Masana na neman yadda za a koya wa na ɗan Adam wannan dabara. Ina fata jikokinki su ci moriyarta. Baba ba zai iya jiranta ba.

Idan kamfanonin da ke da ɗakunan bincike sun kasa, ki auna da kanki abin da ke cikin kafson maƙwabciyarki. Ba na zarginta, wataƙila ita ma an cika ta da bayani ne ta sa jarinta. Silin jijiyar da ya mutu ba ya dawowa, da kafso, da tozali, da allura. A Florida ta Amurka wasu mata uku sun biya kuɗi aka yi musu allurar ƙwayoyin halitta a cikin ido da sunan sabunta gani, aka buga labarinsu a 2017, ganin da suke da shi ma ya tafi. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Yanzu ga tambayar da ta fi cancanta a yi, wadda na san ita ke hana ki barci: in awon ya sauka, me ya sa ganin ke tafiya?

Kafin mu ɗora wa giliya laifi, ina so ki je gida ki zauna ki kalli Baba yana ɗiga maganin, kada ki ce masa gwaji kike yi. Na sha ganin dattijo ya ɗaga kai, ya runtse ido tun kafin ɗigon ya sauka, hannu yana rawa, maganin ya faɗi kan fatar ido ya gangaro ta kunci ya shige gemu, shi kuwa ya goge da hannun riga ya ce alhamdulillahi. Mai wannan cutar sau da yawa ba ya ma ganin bakin kwalbar. Ki duba kwalbar kuma. 'Yar ƙaramar kwalbar latanofuros, ɗaya daga cikin magungunan ɗigon wannan cuta, mai mililita 2.5, in ana sa wa ido biyu kowane dare, wata ɗaya da 'yan kwanaki take yi. In tana kai wa Baba wata uku, to ba albarka ba ce, tsallake ake yi. Wasu iyayen suna yin haka da gangan don tausayin 'ya'yan da ke saye, sai ranar asibiti ta matso su dage kwana uku, likita ya auna ya ga 17 ya yi murna. Kada ki yi masa faɗa in kin gano haka. Ki samu mutum ɗaya a gidan, jika ko amarya, ya zama shi ne mai ɗigawa. Baba ya kwanta rigingine, a ja fatar ƙasan ido, ɗigo ɗaya tak, ya rufe ido a hankali, a danna kusurwar da ke jikin hanci da yatsa minti biyu. In magani biyu ne a lokaci ɗaya, a ba da tazarar minti biyar, in ba haka ba na biyun zai wanke na farkon. A ɗaura lokacin da salla, asuba da isha'i, ba a mantawa. Da azumi ma haka, a sa da sahur da bayan shan ruwa, ba sai an shiga saɓanin ko ɗigo yana karya azumi ba. Kuma latanofuros ba ya son zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, wadda ake amfani da ita kada a bar ta a aljihu ko kan taga a watan Afrilu. In wuta ba ta tsayawa, a sa ta a ɗan gwangwani mai murfi a ajiye a gindin randa.

Ki bincika har ila yau ko akwai wani ɗigon da yake sawa na ƙaiƙayi ko jan ido, irin wanda ake miƙowa a kemis ba takarda. Masu ɗinki suna yawan yin haka. In akwai dekzametazon ko betametazon a ciki, suna ɗaga awon ido sosai a jikin wasu mutanen, suna warware duk abin da ɗigon asibiti ya ɗinka.

In kin tabbatar maganin yana shiga, to magana ta koma kan lambar. 17 lafiya ce ga idon da jijiyarsa take cike. Ga jijiyar da ta riga ta rasa mafi yawan silinta, wadda masu hidimarta suka daɗe a fusace, 17 tana iya yin nauyi. Katangar da damina ta ci gindinta ba ta ɗaukar abin da sabuwa ke ɗauka. A irin wannan idon likitoci sukan nemi a sauko ƙasa-ƙasa, wajen 12 ko kusa da haka. Wani babban bincike da aka yi a Suwidin ya nuna cewa duk maki ɗaya da aka rage, haɗarin ci gaban cutar yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Ga shi awon asibiti hoton minti ɗaya ne, matsin yakan hau da dare ko da asuba lokacin da babu mai aunawa. Ina kyautata zaton wannan ne ya sa likitansa ya kawo maganar aiki. Ku kuma tambaya ko yanar ido ta fara shiga idon, don a shekarunsa sukan zo tare, ita kuwa yana ana cire ta gani ya washe.

Tsoron Baba ba na banza ba ne. Kowa a cikin birni ya san wani da aka ce an yi masa aiki ya makance. Yawancinsu sun je ne bayan jijiyar ta kusa ƙarewa, aka yi aikin, ganin bai dawo ba, sai aka ce aikin ne. Don haka a gaya masa gaskiya tun yanzu: aikin ba zai dawo da ganin gefen da ya tafi ba. Sabuwar rariya ake buɗewa ƙarƙashin fatar ido ta sama don ruwan ya samu mafita, abin da ya rage na gani ya tsira. Ido yakan yi dishi-dishi na 'yan makonni, akwai haɗarin ƙwayoyin cuta, yanar ido tana iya saurin nuna, kuma a jikinmu baƙar fata hanyar takan so ta toshe da tabo, shi ya sa ake shafa wani magani lokacin aikin, ake kuma nacewa a riƙa komawa a duba. Duk da haka, ga idon da ke tafiya a kan ɗigo biyu, zama a haka ya fi aikin haɗari.

Akwai kuma hasken leza da ake haska wa rariyar, ba yanka, mutum yana zaune a kujera minti kaɗan. A asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya an kwatanta shi da ɗigon timolol a marasa lafiya 'yan Afirka, aka buga a 2021: bayan shekara ɗaya leza ta riƙe awon a kusan kashi 61 cikin 100 na idanun, timolol kashi 31. Ba kowane ido ta dace da shi ba, kuma ga cutar da ta yi nisa ba lallai ta kai awon inda ake so ba, amma ku tambaya, musamman don idon hagu. In hankalinku bai kwanta ba, neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne. Ga sashen ido na asibitin koyarwa a Shika, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Ku nemi a yi masa gwajin faɗin gani, wanda ake kallon cikin wani abu kamar ƙwarya ana danna maɓalli in an ga ɗigon haske, a ba ku takardar ku ajiye. Da ita ake gane ko abin yana gaba ko ya tsaya, ba da yawan butar da ya zubar ba.

Maganar shawo kansa kuwa, kada ku taru ku yara ku tsare shi da waya a hannu. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana kawo masa riga daga nesa saboda idonsa, ba ƙaramin abu ba ne ya ji 'ya'yansa suna shawara kan idon a gabansa kamar ba ya nan. Ki samu amininsa ko limamin unguwa, wanda in ya ce "Malam, a jarraba" ba zai iya musa masa ba. In da hali a haɗa shi da wani dattijon da aka yi wa aikin yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Tsallaka titi shi kaɗai kuwa, a dakatar da shi tun yau, a sa yaro ya riƙa raka shi.

Shi kuma ɗan Samaru, ki ba shi aiki, tunda mai son karatu ne. Ya buɗe littafi ya riƙa rubuta awon kowace ziyara da ranar da aka buɗe kowace kwalba. Sannan ya karanto muku wannan: a binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, an samu kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da cutar, kamar yadda Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar. A cikin masu cutar, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Cutar tana bin jini. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da ita, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa. Ke ce babba, in kin kai 40 ko kin kusa, ranar da za ki raka Baba ki yanki kati ke ma, a auna ki, a leƙa bakin jijiyar, ba awon kaɗai ba. Ƙannen Baba da yayyensa ma a aika musu, har na ƙauye.

In Baba yana da asma ko bugun zuciyarsa yana da nawa, ki faɗa wa likita, don timolol ba ya jituwa da su. Ranar komawa ki zuba duk kwalaben a leda, da na asibiti, da na kemis, da waɗanda suka ƙare, da maganin hawan jini in yana sha, ki juye su a kan teburin likita.